Gambarar bayan fage a Bauchi: tambayoyi da amsoshi kan hip-hop mai faɗakarwa

Wane ne mawaƙin bayan fage?

Shi ne wanda babu kamfani ko ubangida da ke biya masa kuɗin situdiyo. Shi zai rubuta baitocinsa, ya yi karo-karo da abokai a sayi kiɗa, a ɗauki murya a wani ɗaki a Yelwa ko Gwallameji, sannan ya ɗora a Audiomack, manhajar sauraron waƙoƙi ta intanet, ko ya kai wa masu tura waƙa a waya su yaɗa masa. Idan mai faɗakarwa ne, jigonsa tsadar abinci, zaman kashe wando bayan digiri, yajin aikin ASUU na wata 8 a 2022, 'yan sara-suka a Bauchi da 'yan kalare a Gombe, da shan kodin da tiramol. Amma zama a bayan fage da faɗakarwa ba dole su haɗu ba. Akwai ɗan bayan fage da bai san komai ba sai fariya da zancen 'yan mata, akwai kuma shahararren da ke faɗa wa gwamnati gaskiya.

Daga ina salon ya samo asali?

Daga unguwar Bronx ta birnin New York a Amurka. A 1973 DJ Kool Herc, ɗan asalin Jamaika, ya fara maimaita gaɓar ganga ta faifai domin masu rawa, masu riƙe da makirfo suna jefa magana a kai, abin da ake kira rap. Da farko nishaɗi ne kawai. A 1982 Grandmaster Flash da ƙungiyarsa suka fitar da "The Message", wadda ta zana talauci da ƙuncin unguwannin baƙar fata, daga nan aka gane rap zai iya ɗaukar magana mai nauyi. A Najeriya kuwa, Eedris Abdulkareem, wanda ya tashi a Kano, ya saki "Jaga Jaga" a 2004, har Shugaba Obasanjo ya fito fili ya nuna fushinsa.

To ai wannan kwaikwayon baƙi ne, me ya haɗa mu da shi?

Kiɗan baƙo ne, wannan babu musu. Amma ɗan Bauchi ba ya buƙatar wani ya koya masa yadda ake sa gaskiya mai ɗaci a cikin baiti. A garin nan Malam Sa'adu Zungur ya rayu. A shekarun 1940 yana cikin 'yan bokon da ke zaman muhawara a Bauchi tare da Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma kafin rasuwarsa a 1958 ya bar waƙar "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya", inda ya gargaɗi sarakuna a lokacin da ba kowa ke iya ɗaga musu ido ba. Ɗanmaraya Jos ma da ɗan kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, alhali takwarorinsa suna bin fada. Ga kuma 'yan gambara na kasuwa, masu saurin baki da zambo, waɗanda sunansu ne ma kafofin labarai na Hausa suka ara wa rap.

Bambancin yana wurin awo. Zungur ya auna baitinsa da karin aruli irin na Larabci, ɗan rap kuwa yana auna nasa da bugun kiɗa, huɗu-huɗu.

Ta yaya ake gane gwani a wannan fanni?

Nan ne yawancin yaranmu ke faɗuwa. Kusan kowace kalmar Hausa da wasali take ƙarewa, saboda haka amsa-amon ƙarshen layi abu ne mai arha. Kowa zai iya jera "talaka, wahala, ƙasa, masifa" ya ce ya yi waƙa. Gwani shi ne mai saka amsa-amo a cikin layi, gaɓa biyu ko uku su amsa wa juna, ba tare da ya karya kalma ba. Hausa kuma tana da karin sauti da tsawon wasali. Idan ka matse dogon wasali don ya shiga kiɗa, ko ka ɗaga sautin da ya kamata ya sauka, ma'ana ta tafi, kunnen Bahaushe kuma ba ya yafe wannan ko da bai iya bayyana abin da ya dame shi ba.

Sai kuma abin da ake faɗa. "Shugabanni ku ji tsoron Allah" gaskiya ce, amma an ji ta a huɗuba, an ji ta a tasha. Wanda ya ce mini tiyar masara ta kai nawa, ko ya nuna mini mai digiri yana lissafin balas na Keke Napep da magariba, shi ya yi aiki. Habaici ma makami ne: ka soki mutum ba ka kama suna ba, kowa ya gane, shi kuma ya rasa abin kai ƙara. A ganina kyakkyawar niyya ba ta wanke rubutun da ba a yi masa wahala ba. Masu son koyo su saurari B.O.C Madaki, ɗan jihar nan, su lura da yadda yake jera Hausa a kan kiɗa ba ta tanƙware ba.

Me ya sa ba a cika jin su a rediyo ko wajen biki ba?

Mai biki rawa yake so, ba a tuna masa da kuɗin mai ba. Gidajen rediyo kuma suna da lasisin da za su kare, tun da hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta hana sa waƙar "This Is Nigeria" ta mawaƙi Falz a 2018. Ga iyaye da malamai da dama da ke kallon duk mai kitso da zazzagaggen wando a matsayin ɗan iska, ko da baitinsa ya fi nasihar wasu manya.

Waƙar tana iya canza wani abu kuwa?

Ta taɓa yi, inda aka haɗa ta da aiki. A Senegal, 'yan rap na ƙungiyar Keur Gui da wasu 'yan jarida sun kafa ƙungiyar fafutuka ta Y'en a Marre a 2011 saboda yawan ɗauke wuta. Suka bi unguwa-unguwa suna sa matasa yin katin zaɓe, a 2012 shugaban ƙasar, Abdoulaye Wade, ya sha kaye a neman wa'adi na uku. A Burkina Faso, mawaƙi Smockey na cikin jagororin ƙungiyar fafutuka ta Balai Citoyen da suka taimaka wajen korar shugaban ƙasar, Blaise Compaoré, a 2014.

A nan Arewa kuɗin waƙa yana hannun 'yan siyasa. Da kakar zaɓe ta kama, yaron da ya shekara yana kukan talaka za a kira shi ya yi wa ɗan takara waƙa, a ba shi abin da Audiomack ba ta taɓa ba shi ba, wani lokacin har da mota. Mai jin yunwa ba a yi masa saurin hukunci, amma daga ranar da ya karɓa akwai sunan da ba zai ƙara iya sakawa a baiti ba. Shi ya sa waɗanda suka daɗe a wannan hanya galibi suna da wata sana'a a gefe: koyarwa, ɗinki, gyaran waya, ko haɗa wa wasu kiɗa.