Likitan Magana: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini a Kaduna

Gyaran magana ne sana'ata. A asibiti "likitan magana" ake ce mini, ko da yake ba na rubuta magani, ba na fiɗa. Ga tambayoyin da na fi ji daga bakin masu zuwa wurina daga Rigasa da Tudun Wada da Kawo, wasu har daga Zariya.

Wai aikin nan ba koya wa bebe magana ba ne kawai?

Wannan ɗan ɓangare ne. Muna ganin yaron da ya makara bai buɗe baki ba, da mai i'ina, da mai tsamin baki, da jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe ko ganɗa, da ladani ko malamar firamare da muryarta ta dishe ta ƙi dawowa. Har matsalar haɗiya tamu ce, domin tsokokin da ke fitar da magana su ne dai ke tura abinci. Wanda yake ƙwarewa duk lokacin da ya kurɓi ruwa yana cikin haɗari, don abin da ya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu yana iya jawo ciwon huhu.

Ɗana ya shekara biyu ba ya cewa komai. Kakarsa ta ce babansa ma haka ya yi. In jira?

A'a, Hajiya, kada ki jira. Wannan maganar ta "zai yi, lokaci ne" ita ta fi ci mini rai a aikin nan. Gaskiya ne wasu yaran sukan makara daga baya su kamo 'yan uwansu, amma babu wanda zai iya duban yaro a tsakar gida ya tabbatar cewa yana cikinsu. Yawanci jariri kan fara gwalan-gwalan, irin su "ba-ba" da "da-da", tun yana wata 6 zuwa 9. Wajen shekara guda kalmar farko kan fito. In ya cika shekara 2 ana sa ran yana da kalmomi kusan 50, yana kuma haɗa biyu: "Mama zo", "ba ni". Idan babu wannan, ko kuma ana kiran sunansa ba ya waigowa, ko ba ya nuna abu da yatsa, a kai shi a duba.

Abin farko da za a auna shi ne ji. Yaron da bai ji magana ba, ba zai yi ta ba. A ƙasarmu sanƙarau da ƙyanda da shawara mai tsanani a makon haihuwa duk suna iya lalata ji, haka ma kunnen da ya daɗe yana zubar da mugunya. Mu a Kaduna Allah Ya hutar da mu tafiya mai nisa, tunda Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a cikin garin nan take. Ana iya gwada jin jariri ko yana barci, ba sai ya yi wayo ba. Uwa takan ce mini, "Ai yana ji, in ƙofa ta bugu yana firgita." Jin ƙarar ƙofa daban, jin bambancin "baki" da "baƙi" daban.

Ko yawan yaruka ne ya rikita shi? A gida Hausa da Gwaranci, a makaranta Turanci.

Ba ya rikitawa. Rabin yaran garin nan haka suka tashi. Ku yi masa yaren da kuka fi iyawa, ku yi da yawa.

Mai i'ina fa, a kai shi wurin wanzami a yanke linzami ko a cire beli?

Don Allah kada a kai. I'ina ba a harshe take ba, ba kuma a maƙogwaro ba. Ta shafi yadda ƙwaƙwalwa ke tsara fitar magana ne, kuma takan bi jini. Yawanci tana farawa tsakanin shekara 2 zuwa 5, ta fi yawa ga maza, kuma akasarin yaran tana barinsu. Wanda tasa ta wuce wata 6, ko ya fara runtse ido yana kokawa da kalma, shi ne ya kamata mu gani da wuri. Aska ba ta ƙara masa komai sai zubar jini da haɗarin kamuwa da cuta. Abin da yake buƙata a gida shi ne a bar shi ya ƙarasa zancensa da kansa, kada a tari numfashinsa, kada a daka masa tsawa, a kuma hana yayyensa kwaikwayonsa.

Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, magana ta ɗauke. Hankalinsa ne ya gushe?

Sau da yawa hankalin yana nan daram, kalmomin ne suka ɓace masa. Ga yawancin mutane wurin sarrafa harshe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa yake, abin da likitan nan na Faransa, Paul Broca, ya nuna a shekarun 1860. Shi ya sa wanda hannunsa na dama ya mutu ya fi fuskantar wannan. Na taɓa zama da wani dattijo, na ɗaga masa cokali na ce, "Baba, mene ne wannan?" Ya dube shi, ya kai hannu baki yana kwatanta cin abinci, leɓensa na rawa, sunan ya ƙi zuwa. Da na ja masa Fatiha sai ya karɓe, ya kai ta ƙarshe ba gargada. 'Yarsa ta fashe da kuka. Abin da baki ya saba da shi shekara da shekaru yakan tsira, kuma daga nan muke kama zare: gaisuwa, ƙidaya, sunayen jikoki, kullum kaɗan-kaɗan. Watannin farko sun fi albarka, amma ana samun ci gaba har bayan shekara. Ku riƙa yi masa magana yadda ake yi wa babba, kada ku zauna a kansa kuna zancensa kamar ba ya ɗakin.

Ina sha'awar aikin. Ta ina zan fara?

Karatun jami'a ne, wanda ya haɗa sanin jikin ɗan Adam da ilimin harsuna da horo a asibiti. Hukumar MRTB (Medical Rehabilitation Therapists Board) ce ke yi wa masu wannan sana'a rajista a Najeriya, ita ce kuma ke kula da likitocin gashi. Mu kaɗan ne ƙwarai, masu jin Hausa a cikinmu sun fi ƙaranci. Kayan gwajin da muke samu yawanci don yaran Ingila da Amurka aka tsara su, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, babu ruwansu da karin sauti ko ja da gajarta wasali. Ni da hannuna nake haɗa katunan hotuna: ƙwarya, ɓera, tsintsiya, ɗan tsako. Sai kuma haƙuri, domin za ki iya shafe mako shida kan sauti ɗaya. Rabin aikin ma da uwar yaro ake yinsa. Ni minti 40 nake ganinsa a mako, ita ce ke tare da shi lokacin wanka da lokacin tuwo, don haka kafin su tashi sai na sa ta gwada atisayen a gabana.