Mene ne kauci, kuma me ya sa ake cewa kaucin bishiya kaza?

Kauci tsiro ne da ba ya taɓa ƙasa. A jikin reshen wata bishiya yake fitowa, ya huda ɓawonta, ya riƙa zuƙar ruwan da ta jawo. Masana tsirrai suna sa irin namu a dangin Tapinanthus da Agelanthus. Tsuntsaye ne ke shuka shi: 'ya'yansa suna da danƙo, in tsuntsu ya ci ya goge baki a reshe ko ya yi kashi, ƙwayar sai ta manne. Da rani, duk wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Zariya zai ga bishiyar da ta kaɗe ganye amma da wani curi kore shar a samanta. Shi ne. Furensa ja ne siriri kamar tsinken ashana, gindinsa kuma da kumburi inda ya kama reshen.

Kada a ɗauka shi ne rumfar gada, wadda zare ce rawaya marar ganye, mai nannaɗe ciyayi da ƙananan itatuwa.

Masu magani ba sa cewa kauci kawai. Sai dai kaucin ɗorawa, kaucin tsamiya, kaucin kaɗanya, kaucin lemo. Suna da hujja, domin sinadaran da ke cikinsa suna bambanta gwargwadon bishiyar da ya sha. An fi nemansa don hawan jini da ciwon suga, wasu kuma don farin jini da kasuwa, wanda wannan wani zance ne daban.

Ganyen ake tsinkowa a wanke, a shanya a inuwa har ya bushe ƙarau, sannan a tafasa a tace, ko a daka a zuba a kunu. Wanda aka ɗaure a leda da sauran danshi fumfuna yake yi, zubarwa ake yi. In kuma garinsa aka miƙo maka a kasuwa, ba ka da hanyar gane bishiyar da ya fito, gara ka sayi mai haɗe da guntun reshen.

Babban haɗarin yana wajen mai shan maganin asibiti. In ya haɗa biyun, jini ko suga na iya sauka fiye da kima, ga jiri, ga zufa, har suma. Mafi muni shi ne ya ajiye na asibitin ba tare da awo ba. Mai ciki da mai shayarwa su bar shi gaba ɗaya.

Ga mai lambun mangwaro ko lemo kuwa, kauci ɓarawo ne. Fizge shi ba ya kashe shi, zai sake tohowa. Reshen ake sarewa, kamar kamu ɗaya ƙasa da kumburin, kafin ya yi 'ya'ya.