Kwalejin fasaha ba ta rufe ƙofar jami'a

Iyaye da yawa sun daɗe suna ɗaukar kwalejin fasaha a matsayin matattarar yaran da boko ya gagara, suna ganin duk wanda ya shige ta bayan ƙaramar sakandare ya yi sallama da jami'a. Wannan kuskure ne. Yaron da ke haɗa wayoyin lantarki ko riƙe da abin walda a ɗakin koyon aiki yana zama ajin Lissafi da Turanci kamar kowa, sannan ya rubuta jarrabawar NABTEB, wato jarrabawar kammala makarantun fasaha da kasuwanci, wadda jami'o'in Najeriya ke karɓar sakamakonta kamar na WAEC da NECO, muddin ya samu kiredit biyar, ya kuma ci JAMB. Sai dai wajibi ne uba ya bincika tun kafin rajista ko darussan sashen da yaron zai shiga a kwalejin sun dace da kwas ɗin da yake buri a jami'a.