Bindigar ɗuri da farautar barewa a Amurka: yaya maharbi ke gano ɗurin da ya dace?

A Amurka, duk da yawan bindigogin zamani, akwai mafarautan da har gobe suke shiga daji da bindigar da ake ɗurawa ta baki. Harbi ɗaya take yi, kafin ka sake ɗura ta barewa ta yi nisa. Shi ya sa maganar ɗuri take cin musu lokaci fiye da farautar kanta.

Me ya sa ba su bar wannan tsohuwar bindiga ba?

Doka ce ta raya ta. Yawancin jihohi suna ware wa masu ita kwanakinsu na farauta daban, lokacin da dajin bai cika da jama'a ba. Jihar Fensilbeniya tun 1974 take da lokacin da ba a yarda da kowace bindiga ba sai mai tayar da wuta da dutsen ƙanƙara, kuma bayan Kirsimeti ake buɗe shi, cikin tsananin sanyi. A 1985 wani mutum mai suna Tony Knight ya fito da ƙirar MK-85, wadda wutarta ke shiga kai tsaye daga bayan albarushi. Daga nan irin wannan bindiga ta yi kama da ta zamani, har da madubin hange, sai dai har yanzu ta baki ake ɗura ta.

Ashe ba ita ce bindigar toka da muka sani ba?

Asalinsu ɗaya: a zuba albarushi, a tura dalma, a danna da sanda. Bambancin yana cikin bututu. Bindigar toka da maharbanmu da 'yan bindigar sarki ke riƙewa cikinta sumul yake, don haka dalma tana fita ba tare da juyi ba, in nisa ya ƙaru sai ta bi inda ta ga dama. Ta mafarautan Amurka an yanka mata layuka masu murɗawa a ciki, su ne ke sa harsashi ya fita yana juyawa, ya riƙe hanyarsa. Ƙarfen bututun ma masana'anta ce ta ƙera shi, ta kuma faɗi iyakar abin da zai ɗauka. Saboda haka alƙaluman da ke nan na waɗancan bindigogi ne, kada wani ya kwatanta su a bindigar da maƙeri ya ƙera da bututun ruwa.

To ba sai a cika albarushi kawai ba, tunda ƙarfi ake nema?

A nan yawancin sababbin shiga suke ɓata. Kamfanoni suna tallar bindigogi masu ɗaukar giren 150 na albarushi, mutum ya ɗauka dole sai ya kai can. (Giren shi ne ma'aunin da suke amfani da shi, giren 100 bai wuce kimanin giram 6.5 ba.) Amma bindigogi da yawa masu faɗin baki .50, wato milimita 12.7, sun fi tattara harsasansu wuri ɗaya tsakanin giren 80 zuwa 110. Idan aka wuce nan, ƙarin gudun da ake samu kaɗan ne, tokarin kafaɗa kuwa ya ƙaru sosai. Maharbin da bindiga ta saba duka yakan fara zabura tun kafin ya gama jan kunama, kuma wannan zaburar ta fi kowane kuskuren awo kawar da harsashi. A ganina barewar da aka samu a huhu da giren 90 ta fi wadda aka kuskure da 150 amfani ga tukunya.

Ta ina ake fara zaɓe, harsashi ko albarushi?

Harsashi, kuma bututun ne ke zaɓa maka. Ana duba yadda layukan ciki suke murɗawa. Idan a hankali suke, zagaye ɗaya cikin inci 66, bindigar ta dunƙulen dalma ce, wanda ake naɗewa da ƙyalle mai maiƙo. A bindiga .50 faɗin dunƙulen yakan zama inci .490, nauyinsa kimanin giren 177. Idan murɗin mai sauri ne, ɗaya cikin inci 28 kamar na ƙirar zamani, tana son dogon harsashi, galibi mai giren 240 zuwa 300 da ake saka wa rigar roba, rigar ta kama layukan sannan ta faɗi bayan an harba. Ɗaya cikin 48, irin na Hawken da kamfanin Thompson/Center ya fara fitarwa a 1970, tsaka-tsaki ne, yana ɗan yi da kowanne.

Sai kuma dokar jiha. A Kolorado, lokacin farautar wannan bindiga, an hana rigar roba, an hana madubin hange, an hana albarushin da aka dunƙule. Babu amfanin ɓata wata guda ana gwada abin da ba za a bar ka ka shiga daji da shi ba.

Albarushin fa, duk ɗaya ne?

A'a. Akwai baƙin albarushi na asali, wanda ake rarrabewa da girman ƙwayarsa, FFg da FFFg su ne na farauta. Shi ya fi saurin kama wuta, don haka mai ƙanƙara ba ta da abin da ya fi shi. Sannan akwai na madadi kamar Pyrodex da Triple Seven da Blackhorn 209. Dukkansu da cikar ma'auni ake auna su, ba da sikeli ba, domin nauyinsu ya bambanta: abin da ya cika ma'aunin giren 100 na Blackhorn 209, in ka ɗora a sikeli kimanin giren 70 ne. Triple Seven kuma ya fi baƙin albarushi zafi da kusan kashi 15 cikin 100, sai an rage. Wanda aka dunƙule giren hamsin-hamsin yana da sauƙin ɗuri da hannu mai sanyi, amma yana tilasta maka tsalle daga 100 zuwa 150, alhali mai yiwuwa bindigarka 95 take so.

Yaya ake yin gwajin kansa?

Da haƙuri, kuma a kan teburi, an ɗora bindiga a jakar yashi don a cire rawar hannu daga lissafi. Ana kafa takardar saiti a yadi 50, a fara da ɗuri mai sauƙi, misali giren 70 ko 80, a yi harbi uku zuwa biyar ana auna wuri ɗaya. Ba a damu da ko sun sami tsakiya ba tukuna, abin dubawa shi ne yadda ramukan suka kusanci juna. Sai a ƙara giren 5 ko 10, a sa sabuwar takarda, a maimaita. Ramukan sukan yi ta matsowa har wani mataki, daga nan su fara warwatsewa. Matakin da suka fi haɗuwa shi ake rubutawa, a sake gwada shi a yadi 100, kuma a wata rana daban, domin harbi uku na iya haɗuwa bisa sa'a.

Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Wanda ya sauya harsashi da albarushi tare, ko ya ga ci gaba bai san wanne ya kawo shi ba.

Abin da ke tsakanin harbi da harbi ma ɗuri ne. Kowane harbi yana barin toka a bututu, wanda zai biyo baya sai ya shiga da ƙyar, matsin ya canza. Shi ya sa ake goge ciki da ɗanyen ƙyalle sannan busasshe, iri ɗaya kowane karo. Ana danna harsashi ya zauna daram a kan albarushi da ƙarfi iri ɗaya, a yi wa sandar ɗuri alama daidai bakin bututu, yadda da ka duba ka san ya kai ƙasa. Idan bututu ya yi zafi rigar roba takan yi laushi, sai a dakata ya huce. Masu dunƙulen dalma suna da wata dabara mai kyau: sukan tsinto ƙyallen da ya faɗi 'yan taku gaban bindiga su duba. Idan ya fito lafiya da baƙin zagaye kawai, ɗurin ya zauna. Idan ya yage ko ya ƙone, wuta tana zurarewa ta gefe, sai a nemi ƙyalle mai kauri ko a ƙara maiƙo.

Idan ɗurin ya samu, sai daji?

Da saura. A wurin gwaji bututu ya sha harbi, a daji kuwa mai sanyi ne, wanke tas. Bindigogi da yawa harbinsu na farko a wankakken bututu yana sauka wani wuri daban da sauran, kuma shi ne kaɗai barewa za ta gani. Don haka ko dai a daidaita saiti da wancan harbi na farko, ko a fita farauta da bututu a yanayin da aka yi gwaji. Ragowar man da aka shafa bayan wanki sai an goge shi, in ba haka ba ya jiƙa albarushi.

Nisa nawa ya kamata a yi harbi?

Gurbin zuciya da huhun barewa mai farar wutsiya bai wuce faɗin faranti ba, inci takwas zuwa goma. Iyakar maharbi ita ce nisan da zai sa kowane harbi cikin wannan faɗin yana durƙushe ko ya jingina da bishiya, ba a teburi ba. Dunƙulen dalma yana saurin rasa gudu, masu shi sukan tsaya ƙasa da yadi 100. Dogon harsashi da madubin hange yana kai yadi 150, gwanaye su kai 200, amma a can harsashin ya fara sunkuyawa sosai, dole a san nisan daidai.

Ina haɗarin yake?

Mafi muni shi ne zuba albarushi marar hayaƙi, irin na harsasan zamani, a bindigar da ba don shi aka ƙera ta ba. Yana fasa bututu a hannun mutum. Barin sarari tsakanin harsashi da albarushi ko ɗuri biyu bisa mantuwa su ma haka, alamar sanda ce ke tona su. Ba a zuba albarushi kai tsaye daga goransa, sai ta ma'auni, domin tartsatsin da ya rage a ciki na iya bin sa har gora. Idan aka ja kunama ba ta tashi ba, a bar bakinta yana fuskantar inda aka auna aƙalla minti ɗaya kafin a taɓa komai, domin wani lokaci wutar jinkiri take yi.