Ba sai tocila ta mutu murus ake mata caji ba

Har yau akwai masu cewa kada a jona tocila sai haskenta ya ɗauke gaba ɗaya, wai don batir ya daɗe. Wannan shawara ta zamanin baturan nikel-kadmiyam ce. Tocilan yanzu yawanci litiyam ne a ciki, irin 18650 ɗin nan mai tsawon yatsa, ko batirin dalma a manyan fitilu masu araha. Dukansu tsotse su ƙaf ne ke kashe su, na dalma ma ya fi saurin lalacewa. Na sha ganin sabuwar fitila ta zama abin kwalliya a kan taga cikin 'yan watanni, abin takaici. Da haske ya fara dusashewa, in an kawo wuta, jona ta, amma a inuwa, don zafi ma yana cin batir.