Waiwaye: Daga darasin rediyo zuwa ajin WhatsApp

Tun kafin a san intanet, hukumomi a ƙasashenmu suke neman dabarar da malami ɗaya zai kai karatu ga yara masu yawa. A Nijar, a shekarar 1964, da tallafin Faransa, aka fara koyar da 'yan firamare ta talabijin a wasu makarantu na Yamai da kewaye. An yaba yadda yaran suka kama Faransanci da wuri, amma shirin bai taɓa game ƙasar ba, don kayan aikin akwai tsada, kuma galibin gwanayen daga waje suke.

A Najeriya, Kaduna ce ta zama cibiyar irin wannan yunƙuri. A 1976, shekarar da aka ƙaddamar da ilimin firamare kyauta na UPE, aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, a can, wadda ta riƙa ƙara wa malamai ilimi suna bakin aikinsu. Hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989 ita ma ta jingina da rediyo, kuma ta yi dabara, domin da wuya ka je ruga ka rasa akwatin rediyo. Jami'ar karatu daga gida kuwa, wato NOUN, an kafa ta a 1983 zamanin Shagari, sojoji suka dakatar da ita a 1984, sai a mulkin Obasanjo aka farfaɗo da ita.

Shigowar wayar GSM a 2001 ta sauya lissafi, sai dai hankalin gwamnatoci ya fi karkata ga rabon na'ura. A 2007 an raba wa yaran wata firamare a Galadima da ke Abuja ƙananan kwamfutoci masu launin kore da fari, a ƙarƙashin shirin One Laptop per Child. A 2013 Jihar Osun ta raba wa 'yan sakandare allon kwamfuta mai suna Opon Imo. An yi biki, an ɗau hotuna. Amma na'ura tana son wuta, tana son mai gyara, tana son malamin da ya iya ta, kuma waɗannan su ne ba a cika yi wa tanadi ba. Da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, yaran karkara da dama sai a zauren jarrabawa suka fara ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta.

Annobar korona ce ta fasa ƙwai. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu. Manyan makarantun kuɗi na Abuja da Legas suka koma Zoom da Google Classroom. Jihohi irin su Kano da Kaduna suka koma gidan jiya, wato darasi ta rediyo da talabijin. Galibin jami'o'in gwamnati kuwa ba su ma shiga sahu ba, domin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, tana yajin aiki tun daga Maris har Disamba.

Abin da ya riƙe karatun 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi a lokacin, ba wanda ya tsara shi a ofis. Malama za ta rubuta darasi a takarda, ta ɗauki hotonsa, ta naɗi muryarta tana bayani da Hausa da Turanci, ta tura zauren WhatsApp na iyaye. Yaro zai jira mahaifinsa ya dawo daga kasuwa bayan magariba, ya ari wayar, idan da sauran caji da data ya saurara, ya kwafe aikin a littafi, a ɗauki hoto a mayar. In wayar tana wajen mai caji, sai gobe. 'Yan mata sun fi cutuwa a nan, don a gidaje da yawa ba a yarda su riƙe waya ba. Malaman Islamiyya, a ganina, sun fi kowa cin moriyar saƙon murya: ɗaliba ta karanto hadda, malam ya saurara, ya gyara mata tajwidi aya bayan aya. Muryar malami ce ta yi aiki, a kan wayar da take gidan tun da farko.

Shekarar 2021 ta nuna iyakar wannan hanya. Bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara da Jangebe an rufe makarantu da dama, sannan a watan Satumba aka katse layukan sadarwa a Zamfara da sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna. Yaran da suka fi bukatar karatu daga nesa su ne suka wayi gari babu aji, babu sabis.

A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da manhajar Nigeria Learning Passport mai ɗauke da darussa kyauta. Abin a yaba ne, sai dai buɗe ta na bukatar waya ta zamani da sabis, ga shi a farkon 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Yau da wuya ka sami aji a jami'a ko kwaleji da ba shi da zauren WhatsApp, inda ake sanar da lokacin lacca, a tura takardun karatu, a yi wa malami tambaya da dare. A makarantun gwamnati kuwa, har yanzu malamin ne yake sayen datar daga albashinsa.