Iyakar sigma a binciken ƙididdiga

Iyakar sigma wani layi ne da masu bincike kan ja kafin su yarda abin da awo ya nuna musu ba dace ba ne kawai. Ita sigma ma'auni ce na yadda lambobi suka warwatsu daga matsakaicinsu. In awon ya bi tsarin nan mai siffar ƙararrawa, wajen kashi 68 cikin ɗari na lambobin ba sa wuce sigma ɗaya daga tsakiya, kashi 95 suna cikin biyu, kashi 99.7 cikin uku, to wanda ya fita can waje shi ake zuba wa ido.

Tarihi

Abraham de Moivre ne ya fara fito da lissafin tsarin a 1733, shi kuma Karl Pearson na Ingila ya raɗa wa ma'aunin sunan da ake kiransa yanzu wajejen 1893 ko 1894. Zancen sigma biyu kuwa daga Ronald Fisher ya bazu, lokacin yana aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted, a littafinsa na 1925 ya ɗauki sau ɗaya cikin ashirin a matsayin iyaka, wato sigma 1.96, aka cike ta zama biyu don sauƙi, shi kansa bai ce dole ba ne amma sai ga likitoci da masu nazarin halayyar ɗan Adam sun riƙe abin kam kamar doka. A Amurka Walter Shewhart ya kawo jadawalin duba ingancin kayan masana'anta a 1924, shi sigma uku ya zaɓa.

Masana fiziks ne suka fi kowa tsanani. Ana yawan danganta shawarar sigma biyar ga Arthur Rosenfeld a wajen 1968, dalili kuwa in kana duba dubban jadawali ko ba komai sai wani ya yi tozo. A wajensu sigma uku alama ce kurum, sai an kai biyar ake cewa an gano abu, wato in da babu komai a wurin, dace zai ba da irin wannan sakamako kusan sau ɗaya cikin miliyan 3.5. Da wannan ma'auni CERN, cibiyar binciken fiziks ta Turai, ta sanar da gano ƙwayar Higgs, ɗaya daga cikin ƙananan ƙwayoyin da masana fiziks ke nazari, ranar 4 ga Yuli 2012. Sai dai a Satumba 2011 gwajin OPERA a Gran Sasso ta Italiya ya auna cewa wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira nutrino sun riga haske isowa da wajen nanosakan 60 (nanosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa) a tafiyar kilomita 730, sigma shida cur, duniya ta ɗauka, ashe wata waya ce ba a ɗaure da kyau ba, aka gano a 2012. Sigma dai dace kaɗai take aunawa, ba ruwanta da na'ura mai matsala.

Amfani a yau

A ma'aunin girman yara na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006, yaron da nauyinsa bisa tsayinsa ya yi ƙasa da tsakiya da fiye da sigma biyu ya rame, in ya wuce uku tamowa mai tsanani ke nan, da shi ake aiki a asibitocin Najeriya da Nijar. Kamfanoni na da tsarin sigma shida na inganta kayan da suke yi, wanda kamfanin Motorola ya fara a 1986.

Saɓani

Wasu masana na son a matse iyakar 0.05, wato sau ɗaya cikin ashirin ɗin nan na Fisher, ta koma 0.005, wasu na cewa a daina jan layin gaba ɗaya. Ba a daidaita ba.